Ƙararrawar Gauraka

An yi wani Gauraka, kai, ku matso ku ji, wannan sabo ne fil! Gauraka ne mai ji da kansa, ko gaisuwa sai ya gyara tukkunsa yake amsawa. Giwa, mai mulkin dajin, ta ba shi aikin gina makaranta domin yara masu buƙata ta musamman, irin waɗanda ba sa magana da wuri ko ba sa koyo da sauri. Ta kuma kafa majalisar iyaye, ta ce kada ya kafa ko tsinke sai ya ji ta bakinsu.

A majalisar akwai Bushiya, mai naci ce ta gaske. 'Yarta Ladiyo ba ta magana, kuma in ta ji ƙara sai ta dunƙule, ta daɗe ba ta warware ba.

Ranar zama Gauraka ya ce, “A kan tudu zan gina ta, kowa ya hango. Kuma na samo ƙararrawa, ƙatuwa!”

Bushiya ta miƙe. “Yallaɓai, ban da ƙararrawa, yaranmu firgita suke. Kuma tudun nan kogi ne a ƙasansa, a yi shinge.”

“Ke kin taɓa ganin makaranta babu ƙararrawa? Aji nawa kika yi?”

“Ko ɗaya. Amma ni nake kwana da ita, ni nake tashi da ita.”

“To zauna! Shinge zai ɓata mini gini. An ji, an gode, an tashi.”

Kun san me ya yi? Ya je ya gaya wa Giwa wai iyaye duk sun amince. Ƙarya fa!

Ranar buɗewa, ana tsakiyar damina, kowa ya hallara. Gauraka ya ja igiyar ƙararrawa. Gwarang! Yara suka watse, ɗan Zomo ya toshe kunne yana ihu. Ladiyo ta dunƙule, kuma a bakin gangare take! Sai ga ta tana mirginawa, tana mirginawa, kogi kuwa ya cika maƙil. Wata saiwa ce ta tare ta dab da ruwa. Wayyo, motsi ɗaya ya rage!

Gauraka ya yi fir ya sauka. “Ku bari, ni zan ɗauko ta!”

Bushiya ta ce, “Kada ka taɓa ta!”

Ina! Ya kai baki. Ƙaya ta cika masa baki, ya yi tsalle baya, Ladiyo ta ƙara zamewa har ruwa na lasar bayanta.

Giwa ta ce, “Bushiya, me za mu yi?”

“Kowa ya yi shiru. Ranki ya daɗe, har ke. Kada ki taka, ƙasa za ta girgiza.”

Wallahi haka Giwa ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama!

Bushiya ta sauka a hankali, ta kwanta kusa da 'yarta. Ba ta taɓa ta ba. Ta dai fara yi mata wata 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa. Shiru. Ruwa na ta ƙaruwa. Shiru dai. Can sai ɗan hanci ya leƙo, sai ido. Ladiyo ta warware, ta riƙe uwarta gam, suka hauro tare.

Sai a lokacin Giwa ta sauke ƙafarta. Ta dubi Gauraka. “Ba kai ka ce iyaye sun amince ba?”

Nan take ta sauke shi daga aikin. Ta sa aka kwance ƙararrawa, ta ce daga yau abin da majalisar iyaye ta yanke shi za a yi, kuma da shinge za a fara.

Ƙayar bakinsa kuwa babu wanda zai iya cirewa sai Bushiya. Gauraka ya rusuna gabanta yana nuna baki, hawaye na zuba.

Ta ce, “Zauna, Yallaɓai. Sai na kai 'yata gida.”

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba aikin kula da yaro, ya saurari waɗanda suke rainonsa kullum. Tara iyaye a ɗaki ba shi ne jin maganarsu ba, kuma in aka raina su, yaron ne yake shiga haɗari.