Sheƙin Bakin Ruwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai shimfiɗa dutse. Gwani ne, ba na hana shi wannan. In ya jera dutse a tsakar gida, ko allura ba ta samun wurin shiga. Amma yana da ciwo guda, son a yaba. Bai gama aiki ba sai ya ɗauki hoto, ya watsa a waya, ya zauna yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari.

Surukinsa, uban matarsa, dattijo ne mai kula da wani wurin ninkaya. Ya tsufa a aikin. Shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke tsame ganye daga ruwa, shi ke tsawata wa yara in suna gudu. Da dutsen da ke kewaye da ruwan ya fara shan ruwa yana gansakuka, gefensa yana marmashewa, masu wurin suka ce a nemo mai gyara. Dattijo ya ce, "Mijin 'yata zai iya. Ni na tsaya masa."

To, ku saurara. Man da ake shafa wa dutse iri biyu ne. Akwai mai nutsewa cikin dutsen, ya hana shi shan ruwa, ya bar masa kaushinsa yadda ƙafa za ta kama. Wannan ba ya ƙyalli, in an gama kamar ba a yi komai ba. Akwai kuma mai kwanciya a sama, ya yi sheƙi, wanda aka yi don falo, inda ruwa ba ya zuba. Mutumin nan ya san bambancinsu kamar yadda ya san yunwar cikinsa.

Ya tsaya a shago, galan biyu a gabansa. Wanne zai yi kyau a hoto? Ya ɗauki mai sheƙi. Akwai ma wani yashi mai laushi da ake zubawa a ciki don rage santsi. Mai shago ya miƙo masa, shi kuwa ya ce a bar shi, yana kashe ƙyalli.

Kwana uku yana shafawa. Dutse ya fito kamar an wanke faranti, kyan ɗan maciji. Dattijo ya zagaya, ya goga tafin ƙafarsa, ya ce, "Malam, wannan in ya jiƙe ba zai yi santsi ba?"

Ya ce, "Haba Baba, ai sabon samfuri ne. Ka kwantar da hankalinka."

Dattijo bai sake tambaya ba. Wa ke titsiye surukinsa? Kunya ta rufe bakin mai gaskiya, shi kuwa mai ƙarya ya fake a bayanta. Da mai aikin ya zuba bokitin ruwa ɗaya ya taka, da ya ji santsin da ƙafarsa. Bai zuba ba, don ya riga ya san amsar.

Ranar da za a sake buɗe wurin, dattijo ya riga kowa zuwa. Ya ja tiyo ya wanke ƙura, ya ɗauki sandar tsame ganye, ya yi taku biyu. Ƙafafunsa suka tafi gaba, ya faɗi a kan gefen dutse, ƙashin ƙugunsa ya karye. Yana kwance a jiƙe har ma'aikata suka iso.

Masu wurin suka kira wani magini. Ya tsugunna, ya sa makulli ya kankara, man ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Wannan na falo ne. Duk wanda ya shafa shi a nan, ya sani." Hotunan da mutumin ya watsa da hannunsa su suka zama shaidu. Wanda ya yi masa alkawarin aiki ya janye, wanda ya yabe shi jiya ya daina amsa wayarsa. In ya shiga shagon kayan gini sai hira ta mutu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Matarsa ta dawo daga asibiti, ba ta yi ihu ba, ba ta fasa kwano ba. Ta ajiye mayafinta ta ce, "Baban yara, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani."

An sallamo dattijo a keken guragu, likita ya ce tafiya sai abin da Allah ya yi. Mutumin ya je dubiya, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya kasa shiga. Ya so a zage shi, ya so a kore shi, ko ya samu sauƙi. Dattijo ya hango shi, ya ce, "Shigo mana, Malam. Ka taya ni godiya. Safiyar da na faɗi, yara ashirin za su zo koyon iyo. Allah ya sa ni na fara takawa."

A nan mutumin ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka, a gaban surukarsa, a gaban 'ya'yansa. Har yau in ya je gidan nan bai iya ɗaga ido.

Ya 'yan uwa, wace riba ya ci? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wallahi sau da yawa sai ya fara dukan wanda ya fi ƙaunarka. Mutumin nan bai saci ko ƙusa ba. Riya ce kawai, da ƙarya guda ga wanda ya yarda da shi. Kai makaniki, kai tela, ke mai ba da magani, akwai abin da kuka sani wanda mai aiki bai sani ba. Wannan sanin amana ne a wuyanku, kuma za a tambaye ku.

Allah ya kiyaye mu da aikin ganin ido. Allah ya hana mu cutar wanda ya tsaya mana, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.