Mai Ado da Mai Zare

Akwai wani mutum wanda mahaifiyarsa take kaɗa zaren tsamiya, zaren nan mai daraja da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Wata tsutsa ce take saƙa shi a kan itacen tsamiya a bayan gidansu. Da wannan sana'a tsohuwar take ci, take kuma alfahari. Da idonta ya yi rauni, sai ta ce, "Ɗan nan, ka kula mini da uwar tsutsar, kada a kashe ta."

Mutumin ya je gindin itacen, ya tarar da ƙwari iri biyu masu fukafukai. Ɗaya malam-buɗe-littafi ne, baƙi da ɗigon rawaya, yana ta rawa a rana. Ɗayan kuwa ƙato ne, ruwan ƙasa, jikinsa duk gashi, ya lafe a ɓawon itace kamar busasshen ganye. Wanne ne uwar? Kansa ya ɗaure. Ya tambayi wani maƙwabci, ya ce mai rawayar ce. Wani ya ce ai duk abu ɗaya ne. Mahaifiyarsa tana zaune cikin gida, amma ya ji kunyar tambayarta, shi da ya yi makaranta a birni!

Sai ya ce a ransa, "Zare mai kyau, daga mai kyau zai fito." Ya ɗauki tsintsiya ya kashe ƙattin nan kaf.

Lokacin ɗiba ya zo, babu zare ko ƙanƙani. 'Ya'yan mai rawayar kuwa sun cinye ganyen lemun gidan.

Ya ce, "Inna, na rasa gane abin da ya faru. Munanan kawai na kashe."

Tsohuwar ta ajiye mazarinta. "Munanan su suka ciyar da kai tun kana goye."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ido yana ruɗinmu, girman kai kuma yana hana mu tambaya. A ikilisiya muna miƙe wa mai ado da zaƙin murya, mu ture wadda take share ɗakin sujada, take kai wa marasa lafiya kunu, ba wanda ya san sunanta. Ni kaina na yi haka, kuma ina jin kunya. Ubangiji yana duban abin da mutum yake haifarwa. Kafin ka raina wani a wannan mako, tambaya tukuna, domin wataƙila addu'arsa ce take riƙe da gidanka.