Ƙofar Da Ta Ƙi Buɗuwa Ranar Auren Eilidh

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na bakin tafki, can arewacin Scotland, ana ce masa Murdo. Shekara talatin yana tuƙa jirgin fito, da ya yi ritaya sai zama ya gagare shi. Ko shayi a tsaye yake sha.

Shi da yayarsa Ishbel, wadda kafinta ce, suka shirya gina ɗakuna guda uku masu bangon gungumen itace don masu zuwa hutu. Ishbel ta dage sai wani itace da ake kira sida, domin ruwan samanmu ba ya ruɓar da shi, ƙwari ba sa cin sa, yana riƙe ɗumi, ga ƙamshi. Murdo ya yarda. Jiran ne kawai ya kasa.

Kullum yana zagaye wurin da hannu a aljihu, yana tambayar yaushe za a gama. Wata rana ya ga yayarsa ta bar rata kamar faɗin tafin hannu a saman kowace ƙofa da taga, ta cusa ulu a ciki, ta rufe da ɗan siririn katako.

Ya ce, "Yaya, tsufa ne ya fara ko awon ne ya ɓace miki? Baƙi za su ce rabin aiki muka yi."

Ta bayyana masa cewa gungume yana ci gaba da bushewa, bango zai riƙa sauka a hankali har shekara biyu ko uku, ratar ita ce wurin saukarsa. Ta ce, "Kai dai ka fitar da hannunka, sarkin garaje."

Bai fitar ba. Makon da Ishbel ta je birni a duba mata gwiwa, Murdo ya zare ulun, ya cusa katako mai kauri a kowace rata, ya danne da ƙusoshi, ya mayar da murfin. Bai gaya wa kowa ba.

Shekara ta zagayo, baƙi na zuwa suna yabon ƙamshin ɗakunan. Ƙofofi suka fara ɗan cijewa, Murdo ya ce danshi ne, ya riƙa kankare gefensu a ɓoye.

Sai ga auren 'yarsa tilo, Eilidh. Ta zaɓi ta yi shiri a ɗaki na farko tare da ƙawayenta, suka kwana biyu da murhu a kunne, zafinsa ya ƙara busar da itacen, bango ya ƙara sauka. Ranar Asabar, saura minti arba'in a shiga coci, Murdo ya iso da mota yana danna ham. Eilidh ta ja ƙofa, ƙofa ta ƙi. Suka haɗu su uku suka ja, mariƙin ya ɓalle a hannunsu.

Murdo ya sa kafaɗa, ya sa ƙafa. Ya ruga wajen taga, ita ma nauyin bango ya danne ta, har gilashin ya tsage. Ya je mota, ya dawo, ya sake komawa, bai san abin da yake nema ba. Wayar ango sai shigowa take.

Daga ciki Eilidh ta ce, "Baba, me ya sami ƙofar nan?"

Ishbel ta iso cikin kayan biki, tana ɗingishi. Ta ɓamɓare murfin da ke saman ƙofar, ta ga katakon da ƙusoshin, ta juyo ta dube shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Yaya."

Ta ce, "Na sani. Ɗauko jak ɗin motarka."

Ta kafa sanda tsakanin jak da gungumen sama, ta sa shi murɗawa don a ɗaga nauyin bangon daga kan ƙofar. Ya fara da sauri, itacen ya yi ƙara, ta daka masa tsawa. Dole ya koma murɗa ɗaya, ya tsaya, ya saurara, ya ƙara ɗaya, zufa na jiƙa masa riga, yana jin kukan 'yarsa ta bayan katako. Sai da aka yi kusan awa ɗaya kafin Ishbel ta yanke ƙusoshin da zarto, ta zare katakon, ƙofar ta buɗe.

Eilidh ta fito da jajayen idanu. Ta wuce shi ta shiga mota, suka nufi coci.

A bakin coci mutane sun gaji da jira, mai busan da aka ɗauko don bikin ya maimaita waƙa ɗaya har ya gaji. Murdo ya kama hannun 'yarsa zai kai ta gaban ango, ƙafarsa ta fara sauri kamar kullum. Ta riƙe damtsensa gam, ta ce a hankali, "Baba, mun riga mun makara. Bi ni a tafiyata."

Ya bi ta, taki ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba a gemunsa.

Darasi: Idan wanda ya san aiki ya ce ka jira, ka jira, ko da ba ka gane dalili ba. Abin da ka ɓata a ɓoye da gaggawa, wanda ka fi so ne zai iya ɗaukar wahalarsa. Ku tura wa ɗan'uwanku da kuka san ba ya iya haƙuri.