Jar Ƙwaya da Hannun Tela

Akwai wani tela da ake kira Sarkin Yanka, saboda kallo ɗaya zai yi maka ya yanka riga ba tare da awo ba. Gwani ne, amma kansa ya fi dutse tauri. Yana fama da hawan jini, ga gwiwa da ke damunsa saboda taka keken ɗinki.

Wata rana 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo masa kwalba cike da jajayen ƙwayoyi masu sheƙi.

"Baba, wannan man kiril ne. Daga wasu ƙananan halittun teku ake tatsarsa, masu kama da jatan lande. Yakan taimaka wa gaɓoɓi da zuciya. Amma ƙari ne a kan abinci, ba madadin maganinka na asibiti ba."

"Na ji, likita," ya ce, yana gutsure zare da haƙori.

Bayan wata biyu ya ji gwiwar ta yi sauƙi. Shi ke nan fa, Sarkin Yanka ya zama likitan layi. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wa'azin man kiril. Farar ƙwayar hawan jinin kuwa, ya daina sha.

Matarsa ta lura, ta ce, "Maigida, yarinyar nan ƙari ta ce."

"Ke me kika sani? A sana'armu, wanda ya samu sabon yadi ba ya komawa faci."

'Yar ta zo da na'urar awon jini, ya hana ta ɗaura masa. Wai ƙwai ba zai koya wa kaza wayo ba. Ta fita tana share hawaye.

Wata safiya yana tsakiyar yanka, almakashi ya suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. Bakinsa ya karkace.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye. Abin takaici, har yau ana kawo shi shagon a zaunar da shi a bakin ƙofa, don ya ƙi zaman gida. Rannan wata tsohuwar mai kawo masa ɗinki ta miƙo yadi. Ya daɗe yana shafa shi da hannun hagu, sannan da ƙyar ya ce, "Kai wa tela na gaba."

Darasi: Ƙari sunansa ƙari. Komai amfaninsa, kada ka ajiye maganin da likita ya ba ka sai da izininsa. Tura wa wannan mai taurin kan na gidanku labarin nan tun hannunsa na motsi.