Makiyayin da Ya Tura Dafi Garken Ƙanensa

Akwai wani makiyayi mai tumaki arba'in, ƙanensa kuwa yana da ashirin. Amma na ƙanen sun fi ƙiba, suna ta haihuwar tagwaye, mutanen gari suna yaba su. Duk ranar da wan ya bi ta bakin garken ƙanensa, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Gab da damina sai likitan dabbobi ya sauka a gidan wan, ya ce masa, "Ka san cutar da ke kashe tumaki idan sun cika ciki da sabuwar ciyawa? Da dafinta aka yi wannan allura, amma an kashe ƙarfinsa. Jikin tunkiya zai san dafin tun yanzu, ya shirya masa. Ta tumaki ashirin ce ta rage mini."

Duk bayanin nan, kalmar dafi kaɗai ta shiga kunnen mutumin. Ya ce a ransa, dafi ai dafi ne. Sai ya ce wa likita, "Ka kai wa ƙanena, shi ya fi bukata." Ya koma yana jiran ya ji kuka daga can.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, cutar ta shigo gari. Cikin mako biyu wan ya binne tumaki talatin da ɗaya. Na ƙanen, ko ɗaya ba ta kwanta ba.

Wata safiya ƙanen ya zo yana janye da tumaki huɗu masu ciki. Ya ce, "Yaya, ka hana kanka ka ba ni. Karɓi waɗannan."

Wan ya riƙe igiyar, ya kasa ɗaga ido.

Ma'anar wannan misali ita ce: allurar ita ce wahalar da ke samun 'ya'yan Allah, har da wadda wani ya shirya musu da mugun nufi. Ubangiji yakan karya ƙarfinta kafin ta iso, ta zama abin da ke ƙarfafa bangaskiyarsu. Kishi kuwa dafi ne da ba a kashe ƙarfinsa ba, mai ɗauke da shi yake fara ci. Ya 'yan'uwa, idan albarkar ɗan'uwanka tana hana ka jin daɗin taka, ka durƙusa ka faɗa wa Yesu yau, tun kana da sauran tumaki a garke.