Karatun Habila Mai Rijiya

An yi wani mutum, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da iyayenmu ke sujada a ƙarƙashin rumfar zana. Sunansa Habila, sana'arsa haƙar rijiya. Ku saurara, jama'a, labarin ba mai tsawo ba ne.

Wannan bawan Allah ba shi da hayaniya. In an yi rasuwa shi ne kan gaba wajen haƙa kabari, in rumfar sujada ta yaye shi ke hawa ya ɗaure. Amma akwai abu guda da yake ɓoyewa: bai iya karatu ba. Ko baƙi ɗaya bai sani ba. Matarsa Laraba ce ta iya. Kowace safiya kafin ya ɗauki diga sai ta karanta masa Maganar Allah, shi kuwa Allah ya ba shi kai, abin da ya ji sau biyu ya zauna ke nan.

Wata Lahadi zazzaɓi ya kwantar da mai bishararsu, Malam Gayus. Aka duba, ga Habila riƙe da littafin matarsa. Aka ce, "Baba Habila, karanta mana." Kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Ya buɗe littafin, ya sunkuyar da kai, ya zuba abin da ya haddace tiryan-tiryan. Jama'a suka ce, "Ashe malami muke da shi a ramin rijiya!" Bai ce ya iya ba. Ku lura da kyau, bai taɓa cewa ya iya ba. Amma kuma bai ce bai iya ba. Haka aka tafi shekara huɗu.

To, 'yar ikkilisiyar nan irin tamu ce, ta Presbiteriya, inda jama'a ke zaɓen dattawan da za su yi kiwonsu, da masu hidima da za su kula da gwauraye da marasa lafiya. A lokacin reshe ce kawai a ƙarƙashin wata ikkilisiya. Majalisar gunduma ta aiko cewa in sun sami dattawa uku amintattu, Rabaran Shekarau zai zo bayan kaka ya ɗora musu hannu, su zama ikkilisiya mai cin gashin kanta. Murna wajen mutanen nan ba a magana.

Aka yi addu'a, aka kawo sunaye, aka jera ƙore, kowace ƙwarya da sunan mutum ɗaya. Duk mai baftisma ya zo ya jefa ƙwayar masara inda zuciyarsa ta kwanta. Da aka juye, ƙwaryar Habila ta fi ta kowa cika. Mata suka rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Kun san ƙa'ida. Lahadi uku a jere ana karanta sunayen waɗanda aka zaɓa, ana cewa duk wanda ya san wani aibu a rayuwarsu ko koyarwarsu ya fito ya faɗa. Lahadi ta fari Malam Gayus ya karanta, shiru. Habila na zaune yana ji. Washegari ya shiga rijiyar da yake haƙa, gaba goma a ƙasa, ya ɗaga diga ya kasa sarawa. Sai maganar ke dawo masa, duk wanda ya san wani aibu. Ai shi ya sani. Tuwo ya daina shiga. In an yi sallama a ƙofar gida sai ya ce an gano.

Laraba ta ce, "Maigida, ramar nan fa ta isa."

Ya ce, "Laraba, ranar naɗi za a sa ni rantsuwa a gaban Allah. Da wane baki?"

Ta ce, "Ni dai ba zan tona ka ba. Amma ranar, ba ni za a tambaya ba."

Bayan Lahadi ta biyu ya sami Malam Gayus a gona, ya tsuguna ya faɗa masa kome. Malam Gayus ya saki fartanya. Shi ma mutumin kirki ne, shekara shida yana wahalar reshen nan. Can ya ce, "Baba, ka rufa mana asiri. An sayi bijimi, an gayyato ƙauyuka biyar. In ka janye, dattawa biyu suka rage, Rabaran kuwa ba zai sake zuwa ba sai baɗi. Ga shawara. Ranar naɗi kowane dattijo zai yi karatu, ni ke raba wuraren. Zan ba ka inda ka haddace. In an gama, ni da kaina zan koya maka a ɓoye, ba mai ji."

Jama'a, kun ji inda gwaji yake? Ba maƙiyi ne ya kawo shi ba, masoyi ne. Kuma ba don cikinsa ya faɗa ba, don aikin Allah ya faɗa. Habila ya koma gida da nauyin da ya fi wanda ya fito da shi. In ya yi shiru, kowa ya ji daɗi. In ya yi magana, ya kunyata kansa, ya kunyata matarsa, ya mayar da mutum sittin baya shekara guda.

Ranar ta zo. Rumfa ta cika har waje, ƙamshin nama na tashi. Waɗanda za a naɗa suka tsaya a gaba cikin fararen riguna, dattawa uku da masu hidima biyu. Rabaran Shekarau, tsoho mai sanyin murya, ya miƙe ya ce, "Wannan ne kira na ƙarshe. Akwai wanda ya san dalilin da zai hana a ɗora wa ɗayan waɗannan hannu?"

Shiru. Malam Gayus ya kafa wa Habila ido yana girgiza kai a hankali. Rabaran ya buɗe baki zai ci gaba, sai ga hannu a sama.

"A kan wa, ɗana?"

"A kaina, Baba."

Ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce, "'Yan'uwa, ban iya karatu ba. Shekara huɗu ina buɗe littafi a gabanku ina kallon abin da ban sani ba. Matata ke karanta mini, ni hadda nake yi. Kun zuba mini masara kuna zaton malami kuka zaɓa. Ba zan durƙusa a ɗora hannu a kan ƙarya ba. Ku gafarce ni."

Wuri ya ruɗe. Wani daga baya ya ce, "Sai yau? Sai da aka yanka bijimi?" Laraba ta rufe fuska da gyale. Rabaran ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ja dattawan da suka rako shi gindin tsamiya. Suka daɗe. Habila na tsaye shi kaɗai, ba wanda ya ce masa zauna.

Da suka dawo Rabaran ya ce, "Rashin karatu ba zunubi ba ne. Barin mutane cikin zaton abin da ba haka ba, wannan laifi ne, kuma ya daɗe. Yau ba za mu naɗa Habila ba. Sauran huɗun su durƙusa. Ku kuwa kuna nan a reshe sai baɗi, ku sake zaɓen na uku." Sa'an nan ya dubi Habila ya ce, "Shekara talatin ina yin kiran nan, ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba sai yau."

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. An ci naman nan ba walwala. Akwai waɗanda suka yi wata uku ba su amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa, da furfurarsa, ya sayi allo ya zauna gaban matarsa a tsakar gida, ƙofa a buɗe, mai wucewa na jin sa yana a, ba, ca. Aka yi masa dariya, bai fasa ba.

Shekara ta kewayo, aka sake zaɓe. Wannan karon masararsa ba ta kai ta da ba, da ƙwaya uku kacal ya tsallake. Ranar naɗi aka miƙa masa littafi, Rabaran da kansa ya buɗe masa inda Laraba ba ta taɓa karanta masa ba. Habila ya ɗora yatsa. Ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya sake. Aya huɗu sai da suka ci lokacin da a da yake zuba sura guda. Ba wanda ya yi tari. Da ya kai ƙarshe, mutumin nan da ya yi maganar yankan bijimi shi ya fara cewa amin. Habila ya durƙusa, dattawa suka ɗora masa hannu, ya yi kiwon ikkilisiyar nan har ƙarshen ransa, kuma ba a taɓa jin tsoron kai masa asiri ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya mai tuntuɓe ta fi ƙarya mai gudu. Ƙarya kuma ba sai an faɗe ta da baki ba, shiru ma yana yin ta. Mako mai zuwa za mu zaɓi namu dattawa da masu hidima. Ku masu zaɓe, kada zaƙin murya ya ruɗe ku, ku nemi wanda zai iya cewa ban sani ba, wanda zai iya cewa na yi laifi. Ku kuma da aka kawo sunayenku, akwai abin da jama'ar nan ke zato game da ku wanda ba haka yake ba? Ni ban sani ba, maƙwabcinka bai sani ba, amma kai ka sani, Allah kuma ya sani. Ƙofata a buɗe take har ranar Asabar. Gara kunyar yini ɗaya a gaban mutane da a ɗora maka hannu a kan abin da ba kai ba.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.