Sai Zara Ta Fito

Dalilin da ya sa mu mutanen Birnin Kanya ba ma ce wa matafiyi "sai wata rana", sai dai mu ce masa "sai Zara ta fito", yana nan a Ƙofar Yamma. Kullum kuna wucewa ta cikinta, ba wanda ya taɓa tambayata ina ƙyaurenta. Ku matso kusa. Kai Ɗanlami, bar tsokanar ƙanwarka, labarin nan har da kai a ciki.

Lokacin da aka gama ganuwar birnin nan, ƙasar jikinta ko gama bushewa ba ta yi ba, Sarki ya aika aka kira Malam Barmo, masanin taurari. A wancan zamani ba mutum kaɗai ake duba wa tauraro ba, har gari, domin sun ce gari ma haifarsa ake yi, kuma da halinsa yake zuwa. Malam ya tambayi ranar da aka aza tubalin farko. Aka ce masa Juma'a ce, da asuba. Ya yi kwana uku yana hisabi a kan takardunsa, sannan ya dawo fada fuskarsa ba walwala.

"Ranka ya daɗe, tauraron garinka Gamzaki ne," in ji shi. "Gari ne mai fara'a, mai sakin hannu, mai saurin sabo da baƙo. Zai yi arziki, zai yi suna. Amma yana da ƙaiƙayin ƙafa. Gamzaki tauraron masu sammako ne, shi ke tada ayari. 'Ya'yan garin nan za su riƙa fita da asuba, ni kuwa ban ga inda aka rubuta dawowarsu ba."

Haka kuwa aka yi. Shekara ba ta zagayo sau uku ba, samari suka fara bin fatake zuwa Gwanja neman goro. Duk asubar da Gamzaki ya haska, sai ka ji ƙararrawar jakuna tana fita ta Ƙofar Yamma. Gonaki suka rasa masu noma. Ran Sarki ya ɓaci, ya sa aka yi shela: za a toshe ƙofar da ƙasa, wanda ya fita kuma ya fita ke nan, tunda an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai sana'ar kaɗi. Ɗanta guda ne a duniya, Nomau, shi ma ya bi ayari. Ranar da zai tafi ta raka shi har bakin ƙofar, ya ce mata, "Inna, ta nan na fita, ta nan zan shigo." Da ta ji shelar, sai ta ɗauki tabarmarta da mazarinta, ta je tsakiyar ƙofar ta zauna. Magina suka zo da jakunan ƙasa suka tarar da ita tana kaɗi.

"Iya, tashi za mu yi aiki," in ji sarkin magina.

"Ku yi mana. Na riƙe muku hannu ne? Ku fara ta kaina."

Wa zai ɗora laka a kan furfura? Labari ya kai fada. Sarki ya zo da kansa, Malam Barmo na biye da takardunsa a hammata.

"Iya, ba ni na rubuta ba," in ji Sarki. "Tauraron garin ne haka."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in tambayi Malam." Ta juya. "Allah gafarta Malam, yau ina Gamzakin naka?"

"Ya ɓuya, kwana goma ke nan. Haka yake yi."

"In ya ɓuya, ina yake zuwa?"

Malam ya gyara rawani. "Wannan sai Allah."

"Zara fa, matar wata, da ke fitowa da magariba? Ka taɓa ganinta a watan da Gamzaki ke fitowa?"

Malam ya shiga juya takardunsa. Ku sani, shi a takarda yake duban taurari. Ita kuwa shekara hamsin tana tashi niƙa da asuba Gamzaki na kallonta, tana tattara audugarta da magariba Zara na kallonta.

"Ni ban yi karatu ba," in ji Tabawa, "amma na iya ƙirga wata, na haihu. Gamzaki yakan yi wata tara yana fitowa ta gabas. Sai ya shiga ɗaki kamar mai jego. In ya gama wankansa, sai Zara ta fito ta yamma, da hasken nan nasa, ko ƙwayar gero bai ragu ba. Malam, tauraro ɗaya ne. Wanda ya fita da asuba, shi ne ke dawowa da magariba. Rabin halin garin nan ka karanta."

"Iya, yaya namiji zai koma mace?" in ji Malam.

"Tafiya ce. Ba abin da ba ta mayar da mutum."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarki ya ce to, a yi sharaɗi. Za a jira kwana arba'in. In Zara ta fito a kan ƙofar nan, ba za a toshe ta ba, ko ƙyaure ba za a sa mata ba har abada. In ba ta fito ba, Tabawa ce za ta aza tubalin farko da hannunta. Ta ce ta yarda, ko da yake ta san abin da za ta binne a bayan wannan tubali.

Kwanaki suka yi ta tafiya, yamma ba komai sai ja. Ranar arba'in magina suka kwaɓa ƙasa tun la'asar, gari duka ya taru. Rana ta faɗi, gajimare ya tokare yamma. Sarkin magina ya miƙa mata tubali, ba ya iya kallon idonta. Ta karɓa, ta durƙusa, tana kiran sunan ɗanta a hankali. Malam Barmo ne ya riƙe hannunta, don shi idonsa na sama.

"Iya, dakata," ya ce. "Ɗaga kanki."

Gajimaren ya tsage, ga Zara can ƙasa-ƙasa daidai bakin ƙofar, tana ƙyalli. Malam ya zauna a turɓaya, ya ciro alƙalami ya ƙara layi ɗaya a takardarsa, bai ji kunya ba. Allah ya jiƙan malaman da.

Kuna jira in ce Nomau ya shigo a ranar? A'a. Wasu sun dawo, da yawa ma, da goro da labarai. Tabawa ta yi shekara goma sha ɗaya tana kaɗi a gindin ƙofar, tana yi wa 'ya'yan wasu barka da zuwa, har Allah ya karɓi abarsa. Bayan damina biyu, wata magariba, wani mutum mai furfura ya iso da jaki ɗaya da ɗan yaro a kai. Tun a hanya ya ji an ce garin ya rufe ƙofa ga waɗanda suka fita, ya zo ne kawai ya ga ganuwa ya juya. Ya tarar da ƙofa a buɗe, ba ko ƙyaure. Ya tambayi wa ya bar ta haka. Da aka gaya masa, Nomau ya zauna a inda uwarsa take zama, ya yi kuka har aka kira lisha. Yaron nan na kan jaki shi ne kakan kakana.

Shi ya sa har yau Ƙofar Yamma ba ta da ƙyaure, kuma ba ma ce wa namu "sai wata rana", domin wata rana ba ta da alama a sama. Halin garin bai sake ba, ga babanku can shekara huɗu yana kurmi. Kuna cewa iska nake sha a ƙofar gida kowace magariba. To, ba iska ba ce. Ɗanlami, jawo mini tabarmar can ta fuskanci yamma.